Rage ƙiba ko ramewa: Abin da ya kamata a sani game da nauyin mai shayarwa a Zamfara

Maganar nauyin mace bayan haihuwa ta rabu gida biyu a Zamfara. A cikin birnin Gusau, inda ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka fi yawa, tallan shayin rage tumbi da bel ɗin ɗaure ciki yana yawo a WhatsApp da TikTok, kuma masu jego ne kan gaba cikin waɗanda ake yi wa tallan. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu kuwa, inda 'yan bindiga suka hana mutane da yawa isa gonakinsu, ko suka ɗora musu haraji kafin shuka da girbi, akwai matan da nauyinsu ke zubewa alhali ba su nema ba. Jikin waɗannan da na waɗancan iri ɗaya yake aiki, kuma tambayar farko da ke gabansu ɗaya ce: wannan uwar tana da rarar da za ta rage, ko kuwa jikinta ne nono yake ci?

Inda nauyin ciki yake tafiya

Ƙa'idar da likitoci suka fi dogara da ita, wadda Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 2009, ta ce mace mai matsakaicin jiki za ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon goyon ciki. Siririya ana so ta ƙara 12.5 zuwa 18, mai ƙiba sosai kuma 5 zuwa 9. Wannan ƙarin ba kitse ba ne duka. Akwai jariri, da mabiyiya, da ruwan da jaririn ke kwance a ciki, da mahaifar da ta buɗe, da ƙarin jini, da mama da suka cika.

A ranar haihuwa kaɗai mace kan sauke kilo 5 zuwa 6. A makon farko ruwan da ya taru a jiki yakan fita ta fitsari da gumi, shi ya sa mai jego ke tashi cikin dare sharkaf ko da sanyi ake yi. Mahaifa, wadda nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya a ranar haihuwa, tana komawa ƙasa da giram 100 cikin mako shida. Shayarwa tana gaggauta wannan, domin sinadarin da ke sakin nono idan jariri ya kama shi ne kuma yake matse mahaifa. Ciwon marar da mai jego ke ji lokacin da take ba da nono a kwanakin farko daga nan yake.

Abin da ke saura bayan haka shi ne kitsen da jiki ya tanada, yawanci kilo 2 zuwa 4, a cinya da ƙugu. Jiki ya ajiye shi ne domin shayarwa. Tumbin da ke tayar wa mata hankali kuma sau da yawa ba kitse ba ne. Tsokar gaban ciki layi biyu ce, ciki yana raba su, fata ta saki, kuma komawarsu tana ɗaukar watanni. Babu shayin da ke haɗa tsoka.

Abin da nono yake ci a jikin uwa

Uwa mai shayar da nono zalla tana samar da kimanin mililita 750 zuwa 800 a rana. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ƙiyasta cewa wannan aiki yana cin kalori 675 kullum. Ga matar da ta ci ta ƙoshi lokacin ciki, kimanin 170 daga ciki suna fitowa ne daga kitsen da ta tara, sauran 505 kuma daga abinci. Da wannan lissafi za ta riƙa raguwa da kusan giram 800 a wata a cikin wata shida na farko ba tare da ta yi komai ba. Matar da ta shiga ciki a rame kuwa, rahoton ya ce duka 675 ɗin daga abinci ya kamata su fito, domin ba ta da rumbun da za a ɗiba.

Kalori 500 ba wani abinci mai yawa ba ne a ido. Gyaɗa giram 90 ta kai haka. Amma a gidan da ake cin abinci sau biyu a rana, kuma uwa ce ta ƙarshe wajen zuba nata, wannan giɓin kullum yana nan.

Ana yawan cewa shayarwa tana narkar da ƙiba. Binciken da aka yi bai goyi bayan maganar da ƙarfin da ake faɗarta ba. A gwajin da aka gudanar a Honduras, matan da suka ci gaba da ba da nono zalla har wata shida sun fi waɗanda suka fara haɗawa da abinci a wata huɗu raguwa, amma bambancin bai kai kilo ɗaya ba. Wani babban gwaji a Belarus ya bi uwaye fiye da shekara 11, bai ga bambancin ƙiba na a zo a gani ba tsakanin rukunin da aka ƙarfafa wa shayarwa da wanda ba a ƙarfafa wa ba. Dalilin a fili yake: nono yana jawo yunwa, mai shayarwa kuma takan mayar da abin da ta kashe. Wasu matan ma sai bayan yaye jikinsu ke sauka.

Binciken da ya fi dacewa da halin da karkarar Zamfara ke ciki shi ne wanda masanan Birtaniya suka shafe shekaru suna yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya. Manoma ne, masu fama da yunwar damina kamar namu. An ga nauyin matan yana faɗuwa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare aiki kuma ya yi yawa. Da aka ƙara wa masu shayarwa abinci mai yawa, yawan nonon bai ƙaru sosai ba. Ma'anar ita ce jikin uwa yana kare nonon ɗanta tun da farko, ita ce take biyan kuɗin da namanta. Don haka ganin jariri ɓul-ɓul ba ya nuna cewa uwarsa ta ƙoshi. Sai dai kariyar tana da iyaka: bitamin A, da ire-iren bitamin B, da aidin suna raguwa a cikin nono idan suka yi ƙaranci a abincin uwa.

Wace ce take da abin ragewa

Ma'aikatan lafiya suna raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu, su sami lambar da suke kira BMI. Ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin matsalar lafiya. Ga mace mai tsawon mita 1.60, wannan na nufin ƙasa da kilo 47 ta rame, sama da 64 ta wuce kima, daga 77 kuma ƙiba ce. Inda babu sikeli akan auna kewayen damtse da ɗan tef, kuma masu aikin agaji kan ɗauki ƙasa da santimita 23 a matsayin alamar cewa mai ciki ko mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci.

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun rame, kashi 28 nauyinsu ya wuce kima, kashi 58 kuma suna da ƙarancin jini. Alƙaluman na ƙasa baki ɗaya ne, kuma an tattara su kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kafin hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta tarar kashi 27 suna fama da tamowa. A watan Yulin 2025 kuma, a makwabciya Katsina, ƙungiyar ta juya tef ɗin ga uwayen da ke jinyar 'ya'yansu a cibiyoyinta biyar. Cikin mata 750, fiye da rabi su ma tamowar ce a jikinsu, kashi 13 mai tsanani. Tsafe tana iyaka da Katsina, kuma daji ɗaya da rashin tsaro ɗaya suka haɗa su.

Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma zai gane cewa shawarar "rage abinci bayan haihuwa" ta wasu mata ce ƙalilan, kuma idan ta faɗa kunnen wadda ba tata ba tana iya yin kisa.

Jego, kanwa da zuciya

Al'adar jego ta Hausawa an gina ta ne a kan mayar wa mace ƙarfinta. Kwana arba'in na hutu, sau da yawa a gidan iyaye idan haihuwar fari ce, ƙauri da farfesu da yaji, kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, a wasu wuraren har da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Hutun da naman da taimakon dangi abubuwa ne da likitancin zamani ke yaba wa. Kanwa da zafin ne aka daɗe ana jayayya a kansu.

A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana cewa ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matan Hausawa fiye da kusan ko'ina a duniya, kimanin mace ɗaya a cikin haihuwa 100. Suka danganta shi da kanwa da zafi. Kanwa, duk da Turancin Najeriya yana kiranta da sunan wani sinadari daban, galibinta gishirin sodiyam ne, kuma sodiyam yana riƙe ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya kaya. Wani bincike a Sakkwato a 2007 ya sami adadi kusan iri ɗaya. Shekaru da dama wannan bayani ne ake koyarwa.

A 2020 aka wallafa sakamakon wata rajista ta ƙasa baki ɗaya wadda Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, mai majinyata fiye da 400. Ta tabbatar da cewa Arewa maso Yamma ce cibiyar cutar, har a wani asibiti a Kano aka sami mace ɗaya cikin haihuwa 96. Amma abin da ya ba mutane mamaki shi ne ba ta ga wankan jego da kunun kanwa sun ƙara haɗarin ba. Abubuwan da suka fito su ne rashin karatun boko, rashin aikin yi, hawan jinin ciki, da rama. Wato talauci da ƙarancin abinci ne suka fi kusa da cutar fiye da tukunyar wanka.

Wannan bai wanke kanwa ba ga mai hawan jini ko mai kumburin ƙafa. Gishiri gishiri ne, kuma ruwan da ya wuce kima a zafi yana ƙona fata. Amma sakamakon ya sauya nauyin tuhuma. Ya fi sauƙi ga jami'i ya tsaya a taron wayar da kai ya zargi tsofaffi da al'ada, da ya amsa tambayar dalilin da ya sa yarinya 'yar shekara 18 ta shiga ɗakin haihuwa nauyinta bai kai kilo 45 ba.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi sikeli kai tsaye. Zuciyar da ta gaza tana tara ruwa, don haka mai jego na iya ganin ta "yi jiki", fuska ta cika, ƙafa ta yi nauyi, 'yan barka suna yaba mata. Idan cikar ta zo da haki, da tari cikin dare, da kasa kwanciya sai an jingina da matashi biyu ko uku, ruwa ne ba ƙiba ba, kuma asibiti take buƙata a ranar. Idan ta nemi shayin rage ƙiba a wannan hali, ta ɓata kwanakin da za su iya cetonta.

Ga wadda take da rara

Ƙibar da ta zauna bayan haihuwa matsala ce ta gaskiya. Mace da ke riƙe kilo uku ko huɗu bayan kowace haihuwa, a haihuwa ta biyar ta zama wata daban, kuma ciwon suga da hawan jini suna bin wannan hanya. Wadda ta yi sugan ciki haɗarinta ya ninka. Saboda haka neman raguwa ba son gayu ba ne kawai.

Mako shida na farko ba lokacinsa ba ne. Jiki yana warkewa, nono yana kafuwa, kuma wadda aka yi wa tiyata tana da ɗinki a tsokar ciki. Arba'in ɗin al'ada ya zo daidai da wannan wa'adi. Bayan nan, ma'aunin da bincike ya tabbatar shi ne kusan rabin kilo a mako. A 2000 aka wallafa wani gwaji a Amurka kan mata 40 masu nauyin da ya wuce kima da ke ba da nono zalla: an rage wa wasunsu kalori 500 a rana, suna motsa jiki minti 45 sau huɗu a mako, na tsawon mako goma. Sun ragu da kimanin rabin kilo duk mako, jariransu kuma sun girma daidai da na sauran. A lura da sharaɗin: masu rara ne, kuma masu cin abinci mai gina jiki. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada mai shayarwa ta sauka ƙasa da kalori 1,800 a rana.

A abincin Gusau, wurin da ya fi sauƙin ragewa shi ne abin sha da mai. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali tara, kuma katan-katan na lemo da malta ne kayan barka na zamani. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Shayi mai kauri da madarar gwangwani da burodi, kunun gyaɗa da aka cika wa suga, cincin da dubulan ɗin suna, duk suna shiga ba tare da an lissafa su a matsayin abinci ba. Wanda ya cire waɗannan ya kusa cika kalori 500 ɗin bai taɓa tuwo ba. Tuwon dawa ko na gero ya fi farar shinkafa da taliya riƙe ciki. Wake, awara, ƙwai, kifi, hanta, nono, zogale, rama, alayyahu da kuka su ne ba a taɓawa, domin a cikinsu ƙarfe da kalsiyam da furotin suke. Ruwa kuma a sha gwargwadon ƙishi. Tilasta wa kai fiye da haka ba ya ƙara nono.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba mata bayan haihuwa shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 a mako, kuma an gwada an ga hakan ba ya rage nono. Shawarar tana ɗauka akwai titi mai aminci da za a taka da yamma, abin da ba kowace unguwa ke da shi ba, kuma mata da yawa suna cikin kulle. Zagayen tsakar gida da sauri na minti 20 ko 30 da goyo a baya ya wadatar a fara. Matar karkara da ke surfe da daka da jan guga ba ta buƙatar wannan shawara ko kaɗan. Motsa jikin da ake kwanciya a ɗago kai da ƙafaɗu ana so a jinkirta shi har tsokar ciki ta haɗe. Ɗaure ciki da zane ko bel yana iya sa mace ta ji daɗin tafiya a makonnin farko, amma ba ya ƙona kitse, kuma matse shi da ƙarfi yana tura nauyi ƙasa kan mara.

Barci ma yana cikin lissafi. Wani bincike a Amurka ya ga matan da ke samun awa biyar ko ƙasa da haka a wata na shida sun fi riƙe kilo biyar ko fiye idan shekara ta cika. Maganin wannan yana hannun miji da dangi fiye da hannun mai shayarwa.

Kasuwar shayi da ƙwayoyi

Da yawa daga shayin rage tumbi ganyen filasko ne ko danginsa, wato maganin wankin ciki. Abin da sikeli ke nunawa washegari ruwa ne da bahaya, kuma yawan shansa yana zubar da gishirin da zuciya ke aiki da shi. Wasu masu sayarwa kan haɗa da ƙwayar sa fitsari. Mafi muni shi ne sibutiramin, maganin kashe sha'awar abinci da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, wanda kuma hukumomin ƙasashe daban-daban ke ci gaba da ganowa a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa "ganye zalla". A yankin da ciwon zuciyar jego ya fi yawa a duniya, wannan caca ce da rai.

Lambar NAFDAC a jikin kwali tana ruɗar mutane. Yawancin magungunan gargajiya jerantawa hukumar ke yi musu, lambarsu kan ƙare da harafin L, kuma ana wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba. Lambar tana nuna an duba cewa samfurin da aka kai bai da guba a fili. Ba ta cewa yana rage ƙiba, ba ta kuma cewa an gwada shi a kan masu shayarwa. Alluran zamani irin su Ozempic ba a ba da shawarar amfani da su lokacin shayarwa ba, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsu.

A ɗaya gefen kasuwar akwai "sha ka fashe". Matar da ta rame da goyo, kishiya ko dangin miji suna mata gori, takan nemi ƙwayar da za ta ciko da ita. Galibi deksametason ce ko sifroheftadin. Ta farko tana kumbura fuska da riƙe ruwa, tana jawo suga da hawan jini da raunin ƙashi. Ta biyun tana buɗe ciki amma tana iya rage sinadarin da ke kawo nono. Mai son sauka da mai son hawa duk kantin magani ɗaya suke zuwa, kuma babu wanda ke tambayarsu takardar likita.

Dalma, azumi da tazara

Zamfara tana da wani tarihi da ya shafi jikin mai shayarwa. A 2010 gubar dalma daga sarrafa dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma tana zama a ƙashi shekaru masu yawa. Lokacin shayarwa jiki yana ɗibar kalsiyam daga ƙashin uwa, wanda yakan dawo bayan yaye, dalmar kuma takan biyo shi cikin jini. 'Yan matan da suka tashi a waɗannan ƙauyuka a lokacin sun kai shekarun haihuwa yanzu, rashin tsaro kuma ya watsa wasu zuwa Gusau. An gwada a Meziko an ga ƙarin kalsiyam yana rage dalmar jinin masu shayarwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a ci gaba da shayarwa muddin dalmar jinin uwa ba ta kai maikurogiram 40 a desilita ba. Ga irin wannan uwar, horon kai da yunwa kuskure ne ninki biyu.

Wasu kan ɗauki azumi a matsayin damar ragewa. A mazhabar Malikiyya mai shayarwa da ta ji tsoron cutuwar ɗanta, kuma babu wata mai shayar da shi, tana da sauƙin ajiye azumi ta rama daga baya tare da ciyarwa. Ayar Suratul Baƙara ta 233, wadda ta ambaci shayarwa shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa. Kashi na farkon ne ya fi yawo a bakin maza.

Kwanika tana hana jiki farfaɗowa ta kowace fuska: mai ƙiba ta ɗora sabon nauyi a kan tsoho, ramammiya ta shiga ciki da jinin da bai dawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki. Shayarwa tana hana ciki da kusan kashi 98, amma sai sharuɗɗa uku sun haɗu: nono zalla dare da rana, al'ada ba ta dawo ba, jariri kuma bai cika wata shida ba. Allurar wata uku tana sa wasu mata ƙarin nauyi, kuma wannan abu ne da za a tattauna da ma'aikaciyar lafiya a sauya hanya, maimakon a daina a ɓoye.

Abin da ke hannun hukuma

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Legas a 2014 da Kaduna a 2019 sun kai hutun ma'aikatansu wata shida. Amma yawancin matan Tsafe da Bungudu ba su da ubangidan da zai ba su hutu. Mai sayar da awara ko ƙuli-ƙuli tana komawa kan kasko da zarar kuɗin suna sun ƙare.

Abin da tsarin lafiya ya kamata ya yi musu a rubuce yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a duba mai jego sau huɗu: cikin awa 24, a rana ta biyu zuwa ta uku, tsakanin kwana 7 da 14, da kuma mako na shida, a kuma ba ta ƙwayar ƙarin jini na mako 6 zuwa 12 a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiyar jihar a watan Janairun 2024. Gyaran gine-gine ana ganinsa da ido. Ma'aunin da ya fi wuyar ɗauka a hoto shi ne ko matar da ta kawo ɗanta rigakafi a mako na shida ana ɗora ta a sikeli ita ma, a auna damtsenta da hawan jininta. Tef ɗin auna damtse ba ya buƙatar lantarki.

Ramar da ke da ciwo a bayanta

Wani lokaci abinci yana nan amma nauyi yana zubewa. Tarin fuka yakan bayyana bayan haihuwa, da tari fiye da mako biyu da zazzaɓin yamma da gumin dare. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwon suga yana zuwa da ƙishi da yawan fitsari. Kimanin mace ɗaya cikin 20 kan sami kumburin ƙullin tayirod da ke wuya a shekarar farko, wanda yakan fara da faɗuwar gaba da rawar hannu da rama, daga baya ya juya zuwa kasala da ƙiba. Cutar HIV ma tana ramarwa, kuma mai shan maganinta a kan kari tana iya shayarwa. Sai ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda akan fassara da iska ko sammu: uwa ta daina cin abinci, ta kasa barci ko da jariri ya yi, kuka ya yi yawa. Ga matar da aka kashe wa miji ko aka kora daga ƙauyenta da tsohon ciki, wannan ba baƙon abu ba ne.

Duk mai shayarwar da ke raguwa fiye da kilo ɗaya a mako bayan watan farko, ko wadda ke jin jiri idan ta miƙe, ko tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari, tana buƙatar gwajin jini. Ana iya farawa a Babban Asibitin Tsafe ko na Bungudu. Idan akwai haki da kumburi, hoton zuciya ake buƙata, kuma wannan sai a manyan asibitocin Gusau irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A tafi da jaririn, domin shi ma za a auna shi.